Katin Hoto Ya Girmi Na Cikin Kwamfuta

Mutane da yawa na ɗauka katin hoto na daban wani ƙari ne da aka ƙago daga baya saboda masu wasanni. Tarihi bai goyi bayansu ba. Kwamfutar IBM ta 1981 ba ta nuna ko harafi ɗaya sai an soka mata kati, ko MDA na rubutu zalla ko CGA mai launi. Neman araha ne ya sa aka haɗe aikin da babban allon kwamfuta: IBM ta yi haka da VGA a 1987, Intel ta biyo da 810 a 1999, a 2011 kuma Intel da AMD suka dasa shi cikin furosesa kanta. Amma na cikin furosesa ba shi da ma'adana tasa, RAM ɗin kwamfuta yake ara, tamkar ɗan haya mai girki a murhun mai gida. Shi ya sa kati bai mutu ba. Voodoo na 3dfx ya fito a 1996, GeForce 256 na Nvidia a 1999, kowanne da ma'adanarsa. Wanda ya sayi kati yau tsohon tsari ya koma, kuma dole wayar allon kallo ta bar kafar babban allo ta koma kafar katin. In aka bar ta a tsohon wuri, kati na shan wuta a banza.

Za a ce na ciki ya wadatar yanzu. Ga ɗalibin da ke buga kundin digiri a Jami'ar Musulunci ta Madina, wannan gaskiya ne, har ma gara masa haka: babban kati kan ja wuta fiye da wat 200, ya mai da ita zafi, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40. Sai dai masu wannan magana suna auna kati da aikin ofis ne kawai. Tace bidiyo da zanen gini mai fuska uku suna buƙatar dubban ƙananan lissafi a lokaci guda, kuma a nan na ciki ke gajiyawa. A 2012 masu bincike a Jami'ar Toronto suka horar da manhajar AlexNet a kan katin GTX 580 guda biyu, abin da ya buɗe ƙofar ƙirƙirarriyar basira ta yau. A Mayun 2025 aka sanar cewa kamfanin Humain na Saudiyya zai karɓi na'urorin Nvidia 18,000 a kashin farko, jikokin katin wasan nan ne, domin cibiyoyin bayanansa.