Air Afrique da tambayar da abokina matuƙin jirgi ya yi mini

Wani dare na gama shirin da nake gabatarwa ke nan, ina tattara takarduna, sai abokina ya kira ni daga wani otal a ɗaya daga cikin biranen bakin teku. Matuƙin jirgin sama ne, mataimakin kyaftin a wani kamfani na yankinmu. Ya ce wani babban kamfani na ƙasashen Larabawa ya yi masa tayin aiki. Albashin ya fi nasa nesa ba kusa ba, jiragen kuma irin manyan nan ne da yake mafarkin tuƙawa tun muna yara. Sai dai dole ya kwashe matarsa da 'ya'yansa biyu ya koma can, ya bar mahaifiyarsa a Yamai, ga tsufa ga hawan jini.

Ya ce da ni, "Malam ɗan jarida, kai da kake ba mutane shawara a rediyo, yau ga ni na zo gabanka. In tafi ko in zauna?"

Ban ba shi amsa a daren ba. Na kwana ina juya maganar, daga nan na shiga karance-karance, sai na gane tambayar ta girme mu duka biyu. Tushenta yana cikin tarihin wani kamfani da ya mutu muna 'yan makaranta, kuma shi ne ya fara sa mana son jirgin sama.

A unguwar Talladje muka tashi, ba nisa da filin jirgin sama na Yamai. Idan ƙarar jirgi ta taso daga gabas mukan watsar da ƙwallo mu ɗaga kai. Akwai wani mai launin fari da kore, da alamar kan barewa a jikinsa, shi muka fi so. Mukan fere karan dawa mu yi jirgi, mu shafa masa koren ganye don ya yi kama da shi. Ni dai lissafi ya ƙi ni, idona kuma tun da wuri ya nemi tabarau, sai na kama hanyar aikin jarida. Shi kuwa ya dage, har danginsa suka sayar da filin gado aka tura shi makarantar tuƙin jirgi a ƙasar waje. Har yau in mun haɗu, hirarmu ba ta wuce jirgi. Wannan jirgi mai kan barewa na kamfanin Air Afrique ne.

An haifi Air Afrique ne ranar 28 ga Maris 1961 a birnin Yawunde na Kamaru, inda shugabannin ƙasashe goma sha ɗaya da suka fito daga mulkin Faransa suka sa hannu a kan yarjejeniya. Ƙasashen su ne Nijar, Cadi, Kamaru, Senegal, Cote d'Ivoire, Muritaniya, Gabon, Kongo Barazabil, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Dahome wadda ta zama Benin, da Haute-Volta wadda ta zama Burkina Faso. A lokacin Diori Hamani ne ke mulkin Nijar, Ahmadu Ahidjo kuma na Kamaru. Dalilinsu a fili yake. Ko shekara guda da rabi ba su yi da samun 'yancin kai ba, babu wadda ke da kuɗin sayen manyan jirage ita kaɗai, sai suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace ƙasa ta riƙe kashi 6 cikin ɗari na jarin, kashi 66 ke nan a haɗe, sauran kashi 34 kuma suka zauna a hannun kamfanonin Faransa, wato Air France da UAT. Aka kafa hedikwata a Abijan, aka ɗora wani ɗan Senegal mai suna Cheikh Fall a kan shugabanci.

Da jirage masu farfela aka fara, irin su DC-4 da DC-6. A 1963 aka kawo DC-8, daga baya Caravelle, a 1973 kuma DC-10, sannan jiragen Airbus suka biyo baya. Kamfanin ya haɗa manyan biranen ƙasashen da juna, ya haɗa su da Paris da New York, ya kuma riƙa kwasar alhazai zuwa Jidda. Tsofaffinmu da suka sauke farali a waɗancan shekaru da yawansu a cikinsa suka tafi. Togo ta shigo cikin tafiyar daga baya, Mali ma ta shigo a 1992.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi shi ne mutanen da ke zaune a gaban jirgin. A shekarun farko kusan duk Turawa ne, mafi yawa Faransawa. Ba abin mamaki ba ne, domin ba a samar da kyaftin cikin shekara guda. Wanda ya fito daga makaranta da lasisin tuƙin jirgin kasuwanci yana da awoyin tashi kamar 200 ne kawai. Kafin a ba shi babban lasisin da zai iya shugabantar jirgin fasinja sai ya tara awoyi 1,500. Kowane samfurin jirgi da nasa horon daban, mai tsada. Duk shekara likita zai duba shi, duk wata shida kuma a saka shi cikin na'urar kwaikwayon jirgi a jefo masa gobarar inji ko mummunan hadari a ga yadda zai fita. Ƙa'idar duniya ta ce idan ya kai shekara 65 ya gama tuƙa jirgin fasinja tsakanin ƙasashe. A hankali 'yan Afirka suka riƙa hawa waɗannan matakai a Air Afrique, daga kujerar dama ta mataimaki zuwa kujerar hagu ta kyaftin. A 1984 matuƙan kamfanin suka shiga wani yajin aiki mai zafi wanda ya ƙare da sallamar da yawa daga cikinsu, har aka nemo matuƙa daga Yugoslabiya suka cike gurbi. Wannan rikici ya nuna wa kowa haɗarin dogara da matuƙan aro.

Ga matuƙi ɗan yankinmu, Air Afrique ya ba shi abin da yau ya yi wuya. Yana iya tuƙa babban jirgi ya ƙetare teku zuwa Amurka, ya dawo ya kwana a Abijan ko Dakar. Ɗan Nijar ko ɗan Cadi ba a garinsu yake zaune ba, gaskiya ne, amma jirgin kamfaninsa na bi ta Yamai da Njamena a kai a kai. Suna, biki, jana'iza, duk suna cikin abin da zai iya riska. 'Ya'yansa suna tashi cikin mutane masu kama da shi. Ba a tilasta masa ya zaɓi tsakanin girman jirgi da kusancin gida ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a irin wannan sana'a. Mu da muke ƙasa muna ganin farar riga da ratsin zinariya a kafaɗa, ba ma ganin jadawali. Dokokin ƙasashe da yawa sun kayyade cewa matuƙi ba zai wuce awa 100 a sama cikin kwana 28 ba, sai mutum ya ɗauka aikin hutu ne. Amma awoyin da ake ƙirgawa ba su haɗa da tashin asuba, da jiran jirgin da ya makara, da kwanan otal, da ranar da za a ce ka zauna kusa da waya ko za a neme ka ba. Abokina ya yi sallar idi sau da yawa shi kaɗai a garin da bai san kowa ba. Ranar da ɗiyarsa ta fara tafiya, a waya ya gani. Mai tuƙa gajerun hanyoyi yana sauka yana tashi sau huɗu a yini, ya gaji liƙis, amma sau da yawa yana kwana a gida. Mai tuƙa dogayen hanyoyi yana samun kuɗi da daraja, sai dai yakan yi kwanaki ba ya nan, in ya dawo kuma barcinsa ya rikice, dare ya zame masa rana. Sannan akwai maganar daɗewa a aiki. A kamfanoni da yawa, wanda ya riga shiga shi ke fara zaɓen hutu da hanya, shi ke fara zama kyaftin. Duk wanda ya sauya kamfani, komai ƙwarewarsa, ƙarshen layi yake komawa.

To me ya kashe barewar? Ba ciwo ɗaya ba ne. Tun 1971 Kamaru ta janye ta kafa nata kamfanin, Gabon ma ta bi sahu bayan 'yan shekaru. Waɗanda suka rage kowa na son a ɗauki 'yan ƙasarsa aiki, a buɗe masa babban ofishi, jirgi ya sauka a babban birninsa ko da fasinja ko babu. Gwamnatoci suna karɓar tikiti bashi wa jami'ansu, biya kuma sai an ga dama. Dukiyar da ke da iyaye goma sha ɗaya ta zama kamar marainiya. A 1989 aka damƙa kamfanin ga wani Bafaranshe, Yves Roland-Billecart, ya rage ma'aikata da yawa, ya yi odar sababbin jiragen Airbus. Sai ga watan Janairun 1994, aka karya darajar kuɗin cefa da rabi. Kamfanin yana sayar da tikiti da cefa, amma bashin jirage da man jirgi da kayan gyara duk da kuɗin waje ake biya, don haka nauyin ya ninka a dare ɗaya. A 1998 masu bin bashi suka ƙwace jiragen A310 guda huɗu. Aka yi ta sauya shugabanni, har aka kawo wani Ba'amurke a 2001, duk a banza. A farkon 2002 jiragen suka daina tashi, aka ayyana kamfanin ya karye, ma'aikata sama da 4,000 suka rasa abin yi.

Ba shi kaɗai ya faɗi ba. Nigeria Airways ta tsaya a 2003, Ghana Airways ta bi bayanta ba da jimawa ba, kamfanin da Kamaru ta fita ta kafa shi ma ya rufe a 2008. Cikin shekaru ƙalilan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suka rasa kusan duk manyan kamfanoninsu. A daidai lokacin ne kamfanonin Dubai da Doha da Abu Dabi suke ta sayen manyan jirage suna neman matuƙa ko ta ina. Matuƙin da ya rasa aiki ba ya iya dogon jira, domin in ya daɗe bai tashi ba izininsa na tuƙa samfurin jirginsa yakan faɗi, sabuntawa kuma sai da kuɗi mai yawa. Saboda haka masu sauran ƙarfi suka watsu cikin duniya, wasu kuma suka ajiye aikin gaba ɗaya. Tun daga nan zaɓin da ke gaban abokina ya zama zaɓin kusan duk wani matuƙi ɗan yankinmu da ya ƙware.

Kada a ce haka Allah ya ƙaddaro wa Afirka. Habasha ta kafa kamfaninta a 1945 da taimakon kamfanin TWA na Amurka, amma tun farko ta sa a gaba cewa 'ya'yanta ne za su karɓi ragama. A 1957 Alemayehu Abebe ya zama kyaftin ɗan ƙasa na farko, a 1964 kuma suka buɗe makarantar horar da matuƙa ta kansu. Sarki ya faɗi, soja sun hau, an yi yaƙi, amma galibi an bar masu sanin aikin suna tafiyar da kamfanin. Yau matuƙi ɗan Habasha yana iya kai jirgi Beijin ko Washington ya dawo ya ci abincin dare a Adis Ababa. Mu kuma a Yamai muna da makarantar EAMAC tun 1963, wadda ke ƙarƙashin hukumar ASECNA, tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi daga ƙasashe masu yawa. Muryar da ke yi wa matuƙi jagora a sararin samaniyarmu sau da yawa a garinmu ta yi karatu. Maƙwabtanmu suna da kwalejin Zariya tun 1964. Ashe ba basira muka rasa ba, riƙon amanar abin da aka haɗa hannu aka gina ne ya gagare mu.

Akwai ɗan haske. Kamfanin ASKY ya fara tashi daga Lome a 2010 tare da haɗin gwiwar Habashawa, Air Cote d'Ivoire ya biyo baya a 2012, a 2018 kuma Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin buɗe sararin samaniyar nahiyar ga kamfanoninta. Waɗannan sun dawo wa matasanmu da kujerun da suka ɓace, ko da yake har yanzu mafi yawan hanyoyinsu gajeru ne.

Bayan mako guda na kira abokina na zayyana masa duk wannan. Ya saurara har na gama, ya yi dariya ya ce tarihi na ba shi, ba shawara ba. Na ce ai shawarar ba tawa ba ce, ta mutum uku ce: shi, da matarsa, da Inna. Ya ce ya riga ya je Yamai ya same ta. Ta ce masa ya tafi in tafiyar ce alheri gare shi, ita ba za ta tare masa arziki ba, amma tana faɗa tana kallon ƙasa. Matarsa kuma ta ce duk inda ya sa ƙafa za ta bi, sai dai ta tambaye shi kwana nawa zai riƙa yi a gida a can ɗin. Da ya ƙirga, sai ya ga bai kai na yanzu ba.

Ya rubuta musu ya ce ba yanzu ba. Zai tsaya ya zama kyaftin a inda yake, abin da yake sa ran samu nan da shekara biyu, sannan ya sake duba lamarin. Ya san mai yiwuwa ƙofar ba za ta sake buɗuwa ba, kuma bai ɓoye mini cewa abin yana masa ciwo ba, domin babban jirgin nan shi ne mafarkinmu tun muna fere kara. Na tambaye shi, da a ce barewar tana raye fa? Ya yi shiru, sannan ya ce da bai kira ni cikin dare ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce jirginsa ya sauka Yamai da la'asar, zai kwana ya tashi da asuba. Na je na ɗauko shi a babur ɗina, muka biya ta Talladje ya gaida Inna. Muna zaune a tsakar gida sai ƙarar wani jirgi ta taso daga gabas, mu biyu muka ɗaga kai a tare, Inna ta ce har yanzu ba ku girma ba.