Fatar Roba Mai Jin Wari

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da yaran da suka shigo fannin hancin lantarki yanzu shi ne, ɗalibi zai yi odar na'urar shinshina daga Sin, ya jona ta da kwamfuta, ya kwaso lambobi, alhali bai taɓa duba fuskar fatar robar da ke aikin ba. A fuskar nan kuwa komai yake faruwa.

Mu da hannu muke yin tamu. Dattijon da ya koya mini aiki a ɗakin gwaji a Samaru, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda a haɗa anilin da asid sai kwalbar tana cikin ƙanƙara. Ya tsoma gilashi, ya jira, ya ciro shi da siririyar fata koriya shar. Kafin a je ga mita sai ya ɗiga mata ruwa. In ɗigon ya baje, ya ce, "Wannan mai shan laima ce, yaro, kada ka yarda da ita da damina." Sannan ya buɗe kwalbar amoniya daga nesa. Kore ya juye shuɗi, allurar mita ta tashi, domin amoniyar ta zare abin da ke ba lantarki hanya a cikin robar. Fata mai kauri da santsi takan yi nawa. Siririya mai ƙofofi nan take take amsawa. Duk wannan da ido ya san shi.

Su yaran sun haddace cewa Shirakawa da MacDiarmid da Heeger sun ci kyautar Nobel a 2000. Ƙalilan ne suka lura cewa aikinsu na 1977 shi ma tururi ne, na aidin, da ya taɓa fatar poliasetilin har ta fara ɗaukar lantarki. Persaud da Dodd suka kawo maganar hancin lantarki a jami'ar Warwick a 1982, daga baya AromaScan ya fito da na'ura mai roba iri 32 a Ingila. Me ya fi wahalar da su? Laima, wadda dattijonmu ke aunawa da ɗigon ruwa.

Tun da na yi ritaya na dawo Pauwa nake kallon masarar da ake lodi daga Faskari da Sabuwa. Wadda aka ɗura a buhu ba ta gama bushewa ba takan fara warin fumfuna kafin ido ya ga komai, kuma har yau ɗan kasuwa damƙa yake ɗiba ya kai hanci. Ga aikin da fatar nan za ta yi mana. Amma na'urar da aka saita a Turai ba ta san bushewar hunturu ba, balle danshin Agusta.

Malaman jami'o'inmu, ku mayar da ɗalibai kan gilashi da ƙanƙara, su yi fatar da hannunsu, su gwada ta rani da damina kafin ku sa musu hannu a kundi.