Daga Zauren Mapo Zuwa Sabo: Wace Jam'iyya Ce Ta Cancanci A Saurare Ta?

Jama'a, duk sa'ad da aka zauna hirar dimokuraɗiyya a ƙasar nan, manyan jam'iyyu uku ake fara ambata: NPC ta Sardauna, Action Group ta Awolowo, da NCNC ta Azikiwe. Sai ka ce su kaɗai aka yi. To amma tarihin wannan gari namu na Badun bai yarda da wannan lissafi ba.

A nan Badun aka yi babban taron tsarin mulki na watan Janairun 1950, inda wakilan Arewa suka kafe a kan sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya. A lokacin Sabo ta shekara talatin da huɗu da kafuwa, tun 1916, kuma harkar goro da shanu ta riga ta zauna a hannun masu masauki da dillalanmu. Sarkin Sabo ne tsani tsakanin jama'a da hukuma. Da aka sauya dokar ƙananan hukumomi ta Jihar Yamma a 1952, iko ya fara komawa hannun zaɓaɓɓun kansiloli. Wato rumfar kasuwa, da mayanka, da filin gini, duk sun koma maganar ƙuri'a.

Su wa suka kama wannan iko? Ba ko ɗaya daga cikin manyan nan uku kai tsaye. Wata ƙungiya ce ta 'yan gari mai suna Mabolaje, ta Alhaji Adegoke Adelabu, wadda ta ƙulla ƙawance da NCNC, ta kayar da Action Group a zaɓen majalisar Badun na 1954. Ku duba fa, Awolowo yana mulkin Jihar Yamma daga cikin garin nan, amma garin ba ya hannunsa! Ran da Adelabu ya rasu a haɗarin mota cikin watan Maris na 1958, tarzomar da ta ɓarke ta ci rayuka. Yau yaro nawa ne a Sabo ya taɓa jin sunan Mabolaje? Alhali a shekarun nan abin da ta yanke a Mapo ya fi shafar tukunyar Bahaushen Sabo a kan abin da ake yankewa a Kaduna.

Matsalar mutanenmu a lokacin ita ce, zuciya tana Arewa, ƙuri'a tana Yamma. Mai son Salama yana nan, mai kiran Sawaba yana nan, ga kuma 'yan zakara da 'yan Awolowo suna zawarcin unguwa. Wani Bature masani, Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabo a 1962 da 1963, ya nuna a littafinsa na 1969 cewa tsoron kada siyasa ta raba kan 'yan kasuwa yana cikin abin da ya sa jama'a suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, har suka ware Juma'arsu a 1952. Malamanmu za su ce imani ne ya kawo haka, ba lissafin kasuwa ba, kuma suna da hujjarsu. Amma dai an haɗu a kan cewa sahun salla ya riƙe abin da jam'iyyu suka nemi wargazawa.

Sai NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950. In da yawan kujeru ake auna jam'iyya, da ba ta kai a ambace ta ba: kujeru 8 kacal ta samu a zaɓen tarayya na 1959, NPC kuwa 134. Amma wa ya fara cewa talaka yana da bakin magana a gaban hakimi? Wa ya sha bulala da ɗauri a kotunan En'e saboda taron siyasa? Wa ya nemi a ba matan Arewa ƙuri'a? Wani abin mamaki ma, a 1959 doka ta ba matar da ke zaune a Sabo damar jefa ƙuri'a, 'yar'uwarta da ke Fagge kuwa sai a 1976 ta samu. A ganina duk mahawarar dimokuraɗiyya da babu Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba a cikinta, miya ce ba gishiri. Wannan kuwa bai hana a ba NPC haƙƙinta ba, don mutane ne suka zaɓe ta, kuma tsoron da ta ginu a kai, na kada Kudu ta danne Arewa, tsoro ne na gaske.

Bayan juyin mulkin 1966 soja suka haramta jam'iyyu baki ɗaya. Daga nan kuma sai hukuma ta ɗauki al'adar zaɓa wa mutane wanda za su saurara. A 1978 hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa biyar rajista: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP mai mabuɗi, magajiyar NEPU. A watan Oktoban 1989 Janar Babangida ya watsar da ƙungiyoyi 13 da suka nemi rajista, ya ƙirƙiro SDP mai doki da NRC, ya rubuta musu manufofi, ya gina musu ofisoshi da kuɗin gwamnati. Jam'iyyun gwamnati ne, ba shakka. Sai dai jama'a suka shiga cikinsu suka hura musu rai, har ran 12 ga Yuni 1993 Abiola ya doke Alhaji Bashir Tofa a jiharsa ta Kano. Saboda haka ko su ba a iya share su daga tarihi.

Waɗanda ni ban ga kujerarsu a zauren ba su ne biyar ɗin zamanin Janar Abacha, waɗanda a watan Afrilun 1998 dukkansu suka tsai da mutum ɗaya takarar shugaban ƙasa. Marigayi Bola Ige, tsohon gwamnan Oyo, wanda ya tashi a Kaduna kuma yake jin Hausa kamar jakin Kano, ya kwatanta su da yatsu biyar na hannun kuturu. Suna da takardar rajista, suna da ofis da tuta, amma da Abacha ya rasu ran 8 ga Yuni, ba a ga wanda ya tsaya kare ko ɗaya daga cikinsu ba.

Tankiyar ba ta ƙare da tafiyar soja ba. A 2002 sai da Alhaji Balarabe Musa da lauya Gani Fawehinmi suka kai hukumar INEC har Kotun Ƙoli kafin a soke yawancin sharuɗɗan da ta gindaya wa ƙananan jam'iyyu. A watan Fabrairun 2020 kuma hukumar ta soke rajistar jam'iyyu 74 a rana ɗaya, bisa hujjar ba su ci kujera ba, ta bar 18. PRP tana cikin waɗanda suka tsira.