Takobi da Abokin Tafiyarsa: Daga Kano zuwa Zangon Lome

Gabatarwa

Masu tara tsofaffin makamai sun daɗe suna gardama a kan tambaya guda: yaushe za a ce takobi biyu, ko takobi da wuƙa, 'yan gida ɗaya ne? An fi yin wannan gardama a kan takubban ƙasar Japan, amma tambayar ta shafi Bahaushe, musamman mazaunin zango irin na Lome a ƙasar Togo, inda kayan gado ke haɗuwa da kasuwar baƙi. Wannan takarda za ta bi tarihin takobi daga Kano zuwa bakin teku, ta kwatanta shi da na Japan, domin a ga abin da ke haɗa makamai biyu su zama abu ɗaya.

Sassan takobi

Takobin Hausa miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu, dangin wanda Abzinawa ke ratayawa. Yana da ruwa, wato ƙarfen da ke yanka, da ƙota wadda ake riƙewa, da kube wanda ake mayar da shi ciki, sa'an nan da hamila wadda ake rataya shi da ita a kafaɗa. Kowane sashe da mai yinsa. Maƙeri ke da ƙarfe, baduku ke da fata. Saboda haka takobi guda aikin hannu da yawa ne, kuma sassansa ba sa tsufa tare. Kube kan lalace a sake wani, ƙota kan girgiɗe a gyara ta, ruwan kuwa yana iya wuce jika da tattaɓa-kunne.

Ruwan ma sau da yawa baƙo ne. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kimanin 50,000 kowace shekara ta hanyar Sahara, kuma galibin waɗanda ya gani ƙirar garin Solingen ne na ƙasar Jamus. A Kano ake yi musu ƙota da kube, daga nan su bazu zuwa Azbin da Barno da Nufe. Da ƙirar Turai ta yi suna, sai maƙeran gida suka riƙa buga irin alamominta, kamar hoton wata guda biyu, a kan nasu ƙarfen. Alama kaɗai ba ta isa shaidar asalin takobi ba tun a wancan zamani.

Takubban sarauta

A fadojin ƙasar Hausa, labarin takobi shi ne darajarsa. A Daura ana ajiye da makamin da ake dangantawa da Bayajida, wanda tarihin baka ya ce maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da shi. A Katsina akwai Gajere, wanda ake dangantawa da Muhammadu Korau, akwai kuma Bebe, wanda ake cewa an ƙwato shi daga hannun Gobirawa. Masanin nan A. D. H. Bivar ya yi nazarin irin waɗannan makamai a littafin da ya wallafa a 1964. Abin lura shi ne, Gajere da Bebe zamaninsu daban, hanyar da kowanne ya iso fada daban, sarauta ce ta tara su wuri ɗaya.

Shi kuwa baƙauye ko bafatake, abokin takobinsa wuƙa ce, wadda akan ɗaura a hannu ƙarƙashin riga, irin wadda Abzinawa ke kira telek. Idan baduku ɗaya ya ɗinka musu kube da fata iri ɗaya da ado iri ɗaya, sai su yi kama da wa da ƙane, ko da ruwan ɗaya daga Jamus ya zo, ɗayan kuma daga maƙerar unguwa.

Yadda abin yake a Japan

Baraden Japan, waɗanda ake kira samurai, sukan soke takobi biyu a ɗamara. Dogon shi ne katana, wanda ruwansa ya haura santimita 60, gajeren kuma wakizashi, tsakanin santimita 30 da 60. Su biyun ake kira daisho, ma'ana babba da ƙarami. A 1588 Toyotomi Hideyoshi ya ba da umarnin karɓe makamai daga hannun manoma, kuma a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, ɗaura takobi biyu ya zama alamar barde. Idan ya shiga gidan wani yakan ajiye dogon, ya bar gajeren a jikinsa. A 1876 gwamnati ta hana yawo da takobi, sai makaman suka koma ɗakin ajiya, daga baya suka shiga kasuwa. Bayan yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka sun tafi da da yawa, abin da ya sa aka kafa ƙungiyar kare takubban gargajiya a Tokyo a 1948, wadda ke duba takobi ta ba shi takardar shaida.

Masu tarawa sun kasu biyu. Wasu sun ce ba daisho na gaskiya sai wanda maƙeri ɗaya ya ƙera ruwan biyu tare, ana kuwa gane haka daga sunan da yake sassaƙawa a gindin ƙarfen da ke ɓoye cikin ƙota. Irin wannan ba shi da yawa, don haka yana da tsada. Wasu kuma sun ce abin dubawa shi ne suturar: launin kube, saƙar ƙota, da faifan da ke kare hannu. Hujjarsu ita ce yawancin barade haka suka haɗa nasu, wani ya gaji dogo wurin mahaifinsa, ya sayi gajere, ya kai su aka yi musu sutura ɗaya. Matsalar ita ce ɗan kasuwa ma yana iya yin haka jiya-jiya, ya sayar da su a matsayin tagwaye.

Hanyar Lome

Ayarin goro da ke zuwa Gwanja ba ya tafiya ba makami, domin hanyar tana da 'yan fashi. Ta haka takobin Kano ya isa Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake da yawa suka koma Kete-Krachi, wadda ta shiga hannun Jamusawa, wasu kuma suka gangara bakin teku. A 1897 Jamusawa suka mayar da Lome babban birnin Togo, Hausawa suka yawaita a zangonta, wasu 'yan kasuwa, wasu kuma a cikin rundunar 'yan sandan mulkin mallaka. Hafsoshin Jamus da suka yi yaƙe-yaƙe a arewacin Togo sun aika da makamai da sauran kaya zuwa gidajen tarihi na Berlin da Stuttgart kafin mulkinsu ya ƙare a 1914, sau da yawa ba tare da sunan mai kayan ba.

Zangon kansa bai zauna wuri ɗaya ba. A 1977 hukuma ta tashe shi daga tsakiyar birni zuwa yankin Agoe, kimanin kilomita 15 arewa, kuma Michel Agier ya rubuta littafi a kan 'yan kasuwarsa a 1983. Duk gidan da ya yi irin wannan ƙaura sau biyu ko uku, abin da yake saurin ɓacewa shi ne labarin kayan da ke cikin adaka. Hausawa kuwa sun yi suna wajen sayar wa baƙi kayan gargajiya a biranen bakin teku, saboda haka tsakanin adaka da kasuwa babu nisa.

Kammalawa

A Kano da Katsina da Japan, abin da ya haɗa makamai biyu shi ne mutumin da ya ɗaura su ko sarautar da ta mallake su. Fata iri ɗaya tana nuna hannun baduku, alamar ƙarfe tana nuna maƙeri ko mai kwaikwayonsa, amma babu wadda ke faɗin wanda ya riƙe su. A Japan ana ba takobi takardar shaida. A zango kuwa shaidar tana bakin dattawa. Ɗalibin da ya sami takobi a gidansu zai yi wa tarihi hidima idan ya zauna da mafi tsufa a gidan, ya rubuta sunan mai takobin, da garin da ya fito, da hanyar da ya biyo, da wanda ya sake masa kube, da kuma ko yana da wuƙar da suka zo tare.