Katamaran: tagwayen kwalekwale na masu yawon shaƙatawa

Katamaran jirgin ruwa ne mai gangar jiki biyu, tamkar a jera siraran kwalekwale biyu, a haɗa su da sanduna, a shimfiɗa wurin zama a tsakani. Idan gangar jikin uku ce, babba a tsakiya da ƙanana biyu a gefe, sunansa tirimaran. Kalmar katamaran ta samo asali daga harshen Tamil na kudancin Indiya, ma'anarta itatuwan da aka ɗaure. Ƙananan da ake yawon shaƙatawa da su iska ce ke tura su, ta hanyar babban ƙyalle da ake ɗaurawa a doguwar sanda.

Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwalen masunta a tafkin Madarunfa ya san yadda yake tangaɗi da zarar wani ya karkata. Faɗin katamaran ne ke maganin wannan, shi ya sa mai iyali ke fara duba shi. Gudu yana da daɗi, kuma tun 2016 ana tseren Nacra 17 a gasar Olamfik, amma mai fita ruwa ranar hutu ba kofi yake nema ba. Yana son jirgin da aljihunsa zai ɗauka, wanda zai harhaɗa ba tare da ya ɓata rabin yini ba, ya kuma ajiye shi a gida maimakon biyan kuɗin tasha.

Ba'amurke Hobie Alter ya gane haka. A 1968 ya fitar da Hobie 14, sai Hobie 16 ya biyo baya. Tsawonsa mita 5 ne, nauyinsa kimanin kilo 145, don haka mutum biyu na iya jan sa bisa rairayi. Ba shi da dogon allon nan da ke nutsewa ƙarƙashin jirgi, abin juya akalarsa kuma yana ɗagawa da kansa in ya taɓa ƙasa, sai ya shiga ruwa marar zurfi lafiya lau. An ƙera fiye da 100,000, har a Legas ana tsere da shi.

James Wharram ɗan Ingila ya bi wata hanyar rage tsada. Ya ƙetare tekun Atlantika cikin Tangaroa, katamaran mai mita 7 da ya ƙera da hannunsa. Daga baya ya riƙa sayar da zanen jirage domin mutum ya haɗa nasa da katako da gam da igiya. Shi kuwa Ian Farrier ya ƙirƙiro tirimaran da ake naɗe gefunansa, mota ta ja shi a kan titi.

Aibin katamaran yana nan inda amfaninsa yake. Faɗin da ke hana shi tangaɗi shi ne ke sa ya yi wuyar tayarwa in iska mai ƙarfi ta kifar da shi. Hobie 16 ma ya yi suna wajen cusa hanci cikin ruwa ya wuntsila gaba, kuma mutum ɗaya marar nauyi da ƙyar yake miƙar da shi. Saboda haka a kan jiragen masu koyo, irin su Hobie Wave, ana maƙala wani abu mai iyo a ƙolin sandar, don kada jirgin ya juye gaba ɗaya.