Daga Madugu Zuwa Ciyaman: Sunayen Shugabanni a Tarihin Bilma

 

Ƴan uwa matasa, in kun kasa kunne a taronmu za ku ji mutum guda ana kiransa da suna uku. Wani ya ce amir, wani ya ce perezidan, wanda ya saba da Kano ko Maiduguri ya ce ciyaman. Larabci, Faransanci da Ingilishi ke nan a kan kujera ɗaya. Kowace kalma akwai hanyar da ta biyo kafin ta iso Kawar, kuma sanin hanyar zai taimake mu mu gane abin da muke ɗora wa mutum in mun zaɓe shi.

Mu fara da na gida. Kawar ta daɗe a ƙarƙashin inuwar daular Kanem-Borno, har Mai Idris Alooma ya kawo yaƙi wannan yanki a ƙarni na 16 don ya tsare hanyar Fezzan. Mai da bulama da maina duk kalmomin Kanuri ne, kuma daga Borno Hausa ta ari galadima, ciroma, yerima da kacalla. Musulunci kuma ya kawo liman, alƙali, waziri da amir. Sayyidina Umar ne halifan da aka fara kira Amirul Muminina, laƙabin da jama'a suka yi wa Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo mubaya'a da shi a Gudu a 1804.

Turawan Ingila sun riga harshensu zuwa nan. A watan Janairu na 1823 Denham da Clapperton da Oudney suka yada zango a Bilma, sun fito Tarabulus za su Kukawa. A 1906 Hanns Vischer, ma'aikacin gwamnatin Ingila, ya ratsa ta nan, shi ne wanda daga baya Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Dukkansu baƙi ne masu wucewa, ba su bar mana ko kalma ɗaya ta sarauta ba. A wannan shekara ta 1906 sojan Faransa suka zauna a Bilma, su ne suka bar mana kwamanda da lajidan, daga baya aka samu perefe, depite, da mushe na lakwal.

To ta ina Ingilishi ya shigo? Ta kudu, kuma a bakin Hausa. Bayan Lugard ya ci Kano da Sakkwato a 1903, Hausawan can suka lanƙwasa sunayen sababbin masu mulki yadda harshensu zai ɗauka: gwamna, razdan, di'o, joji, en'e. Bayan ƴancin kai na 1960 aka ƙara jin minista da kwamishina, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya baza ciyaman da kansila har ƙauyuka. Rediyo ya ɗauko su ya tsallako iyaka da su, musamman tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. Sauran kuwa direbobi da ƴan kasuwa da finafinan Kano suka ƙaraso da su: manaja, darakta, kyaftin, hedimasta. Wasu ma sun canza ma'ana a hanya. A wurin Bature bos shi ne mai gida a wurin aiki, amma yaro mai kallon fim in ya ce bos, mugun da jarumi zai kashe a ƙarshe yake nufi.

Abin lura shi ne, in aka tono asalin waɗannan kalmomi, aiki ake tararwa a ƙasansu. Minista a Latin ma'anarsa mai hidima. Sakatare shi ne wanda aka ba amanar sirri. Manaja ta fito daga kalmar hannu, an fara faɗinta ga mai horar da doki. Gwamna kuwa asalinta matuƙin jirgin ruwa, mai riƙe da akalar jirgi kada ya kife da mutane. Ciyaman ma ba wani abu ba ne illa mutumin da ke kan kujera yana raba magana a taro, in taro ya tashi ya koma cikin jama'a. Haka tamu jagora: mai jan gora ne, wanda ke riƙe wa makaho sanda.

Mu mutanen Bilma muna da misalin da ya fi kowane kusa, wato madugu. Shekara da shekaru Abzinawa na taso da ayari daga Abzin, su keta Tenere, su sha ruwa a Fashi, su iso Kalala da hatsi, su koma da kantun gishiri da dabino. A wannan tafiya babu wanda ke zama madugu don kuɗinsa ko don iya surutu. Sai wanda ya san taurari, ya san rijiyoyi, ya san kwana nawa raƙumi zai jure ƙishirwa. In ya kuskure hanya, shi da na bayansa duka ne za su halaka, don haka ba ya iya raba lafiyarsa da ta ayari. Wannan ya yi daidai da koyarwar Manzon Allah (SAW), da ya kamanta duk mai riƙe da wani al'amari da makiyayi wanda za a tambaya game da abin kiwonsa, ya kuma gargaɗi sahabbai game da roƙon shugabanci.

Yau Bilma na da perefe, gundumarmu na da kwamin huɗu, Bilma, Dirku, Fashi da Jado, har zuwa 2024 kowace tana da magajin garinta, gwamna kuma na Agadez. Wasu daga cikinku za su hau waɗannan kujeru in Allah ya so, kuma a ƙungiya irin tamu ake fara koyo. Haɗarin shi ne suna ya yi daɗi a kunne har a manta nauyinsa. Mun sha gani a ƙungiyoyin matasa: ana rububin zama perezidan, amma ranar sharar masallaci ko karatun yara sai a nemi mutum a rasa. Ma'aji ya riƙe kuɗin jama'a shekara guda ba lissafi, in an tambaya ya ce an raina shi. Irin wannan ke kashe ƙungiya, ba rashin kuɗi ba.

Saboda haka in lokacin zaɓe ya zo, ku kira kujerar da sunan da kuka ga dama, aron kalma ba laifi ba ne, kakanninmu ma sun ara. Amma ku yi wa mai nema tambayoyin da ake yi wa madugu. Ya san hanya? Yana salla tare da mu? In an ba shi dala, yana dawowa da bayani? In an yi masa gyara, yana ji? Wanda kuma aka zaɓa, ya buɗe littafin kuɗi gaban kowa, ya yi shawara kafin ya yanke, in wa'adinsa ya cika ya sauka da kansa.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan tafiya, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya sa mu zama mabiya masu faɗin gaskiya cikin ladabi. Amin.