Karawa da Sarauniya Amina a kwamfuta: Yadda ake gwada wasannin yaƙin tarihi

A watan Agustan 2021 kamfanin Microsoft ya fitar da ƙari a kan wasansa na kwamfuta mai suna Age of Empires III, ya kira ƙarin The African Royals. A cikinsa aka shigar da al'ummomi biyu na Afirka, Hausawa da Habashawa. Tun daga lokacin, matashi a Jamus ko Barazil zai iya kafa gari, ya tara shanu, ya haɗa rundunar 'yan lifidi, ya fita yaƙi da sunan Hausa. Idan kuwa ya zaɓi ya yaƙi Hausawan, to, kwamfuta ce za ta ja ragamarsu da sunan Sarauniya Amina ta Zazzau.

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake gwada irin waɗannan wasanni ta hanyar karawa da kwamfuta, da abin da gwajin ke iya tabbatarwa, da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Mene ne wasan dabarun yaƙi?

Wasa ne da mutum ke zama a matsayin sarki ko sarkin yaƙi. Aikinsa tara abinci da dukiya, gina gari, horar da mayaƙa, da yanke shawarar lokacin kai hari da lokacin ja da baya. Wanda ya san dara ya riga ya san tushen abin, domin duka biyu lissafi ne na abin da abokin karawa zai yi nan gaba.

Wasannin sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda ake yi bi da bi kamar dara, irin su Civilization, wanda fitowarsa ta bakwai a watan Fabrairun 2025 ta sa Amina cikin jerin shugabanninsa. Akwai kuma waɗanda kowa ke motsi a lokaci guda ba jiran juna, irin su Age of Empires. Wasan Europa Universalis IV na kamfanin Paradox da ke Suwidin, wanda ya fito a 2013, yana farawa ne daga shekarar 1444, kuma Kano da Katsina da Zazzau duk suna kan taswirarsa.

Asalin abin ya girmi kwamfuta. A 1824 sojojin Farashiya, a ƙasar Jamus ta yau, suka karɓi wani wasan yaƙi na kan taswira domin horar da hafsoshi.

Yadda ake gwajin

Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin a saki wasa, da kuma duk lokacin da za a yi masa gyara, akwai ma'aikata da masu sa kai da ke buga shi sau da yawa suna rubuta abin da suka gani. Karawa da kwamfuta ce matakin farko, saboda ba ta gajiya, kuma ana iya maimaita yaƙi ɗaya a taswira ɗaya har a gane inda matsala take.

Abu na farko da mai gwaji ke nema shi ne tangarɗar manhaja: sojan da ya maƙale a bayan gini, ko rundunar da ta tsaya cik ana kashe ta, ko wasan da ke mutuwa ana tsakiyar yi. Na biyu shi ne daidaito. Idan wata al'umma tana cin nasara a kowace karawa, to, an fifita ta, sai a ƙara wa mayaƙanta tsada ko a rage musu ƙarfi. Na uku shi ne hankalin kwamfutar kanta: shin ta san amfani da abin da aka ba ta, ko kuwa tara dukiya kawai take yi ba ta kashewa?

Ƙa'idar aikin ita ce a canza abu ɗaya tak a kowane zagaye. Idan mai gwaji ya canza taswira da matakin wahala da al'ummar da yake riƙe da ita a lokaci guda, ba zai san wanne ne ya jawo masa nasara ko faɗuwa ba. Yakan rubuta mintin da harin farko ya iso, da yawan mayaƙan kowane ɓangare, da lokacin da wasa ya ƙare. Yakan kuma haɗa kwamfuta da kwamfuta ya koma gefe yana kallo.

Wace irin abokiyar karawa ce kwamfuta?

A mafi yawan waɗannan wasanni, kwamfuta na bin jerin umarni ne da mutane suka rubuta mata: idan kaza ya faru, yi kaza. Ta fi mutum sauri wajen kula da abubuwa da yawa a lokaci guda, amma tana da saurin faɗawa tarko iri ɗaya sau goma. Shi ya sa a wasannin Civilization, idan aka ɗaga matakin wahala, ana ƙara wa kwamfuta dukiya da ƙarfin mayaƙa domin cike giɓin dabara.

Ba wai na'ura ba za ta iya fin mutum ba ne. A 1997 Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a wasan darar Turawa, a 2019 kuma AlphaStar ta kamfanin DeepMind ta kai matakin ƙoli na 'yan wasan StarCraft II. Sai dai irin wannan ƙirƙirarriyar basira na buƙatar manyan na'urori da kuɗi masu yawa, kuma mai sayen wasa yana son abokin karawar da zai wahalar da shi amma ya iya kayarwa. Saboda haka ba a rufe gwaji sai an haɗa mutum da mutum.

Hausawan cikin wasa da na tarihi

A Age of Empires III, Kano ce babban birnin Hausawa. Suna da kasuwar dabbobi inda ake musayar shanu da kuɗi ko itace, da jami'a, da fada, da makaɗa masu rakiyar runduna. Cikin mayaƙansu akwai barden lifidi, da maharban Fulani, da wani da aka kira Maigadi. Akwai kuma yaƙi guda da aka gina a kan zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804, Alƙalawa babban birnin Gobir ya faɗi a 1808.

Wasu daga cikin waɗannan suna da tushe. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Littafin ya ambaci Amina a ƙarni na 15, ya ce ta yi shekara 34 tana cin ƙasashe har Nupe da Kwararrafa, yayin da masana da dama ke sanya ta a ƙarni na 16. Amma wasan ya haɗa zamunna cikin tukunya ɗaya, ta yadda Amina za ta iya fuskantar Napoleon na Faransa da bindigogin igwa. Masu gwaji ba su ɗauki wannan a matsayin kuskure ba, domin abin da suke aunawa shi ne daɗin wasa da adalcinsa.

Abin da dajin Birnin Gwari ke koyarwa

Wanda ke son ganin tazarar da ke tsakanin wasa da yaƙin gaske, ya dubi ƙasar Birnin Gwari a yammacin Jihar Kaduna, inda ta yi iyaka da Neja da Zamfara da Katsina. A nan dajin Kamuku yake, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, kuma yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara.

A cikin wasan, itatuwa ma'adanar katako ne. Doki ba ya ciwo, soja ba ya neman guzuri, damina da rani duk ɗaya ne. A tarihi kuwa, sarakuna kan fita yaƙi ne da rani bayan girbi, lokacin da koguna suka janye kuma manoma suka samu sarari. Dawaki, waɗanda su ne ƙashin bayan rundunar Hausa da Fulani, sun fi ƙarfi a fili. Idan aka nutsa kudu cikin kurmi, cizon tsando kan jawo musu sammore. A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Sarkin Sudan na Kontagora Ibrahim Nagwamatse ke kai hare-hare a ƙasar Gwari, al'ummomi da dama sun fake ne a duwatsu da dazuzzuka inda doki ba ya da ta cewa, har Turawan Ingila suka ci Kontagora a 1901.

Har yau dajin bai sauya hali ba. 'Yan bindiga sun shafe shekaru suna fakewa a cikinsa, suka hana zirga-zirga a hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, kuma sai a ƙarshen 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanun garin bayan wani sulhu. A kwamfuta, kasuwar dabbobi kan tashi cikin daƙiƙoƙi idan an rushe ta. A Birnin Gwari, 'yan kasuwa sun yi shekaru suna jira.

Ga iyaye da masu saye

Age of Empires III da ake sayarwa yanzu sabunta ce ta 2020 ta wasan da ya fara fitowa a 2005, kuma ana sayen ƙarin Afirka ne daban. Yana buƙatar kwamfuta mai ɗan ƙarfi da data mai yawa wajen saukewa. Sabon shiga ya fara da mataki mafi sauƙi, ya riƙe al'umma ɗaya har ya san ta, sannan ya hau gaba.

Gwajin kamfani yana tabbatar da cewa wasa na aiki kuma ba a zalunci kowane ɓangare ba. Ba ya tabbatar da ingancin tarihi. Wannan aikin na iyaye ne da malamai. Idan yaro ya zo da labarin barden lifidi ko Amina, dama ce ta kai shi Gidan Makama a Kano ko ganuwar Zariya, a nuna masa abin da kakanninsa suka bari, ya kwatanta da abin da ya gani a allo.